Gyangyaɗi a Motar Sabon Gari

Samaru, Zariya
Farkon damina

Zuwa ga aminina Ejike, baban Bibiana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Madam Nonye da jikoki, da sauran mutanen Anacha da ban sani ba amma suke haƙuri da kai. Yaya kunnen? Na kira ka ranar Lahadi, ina ta "Ejike, ni ne," kana ta "wa ke magana?" har kajin maƙwabta suka watse. Shi ya sa na koma wa takarda. Zan ba direban babbar motar da ke tashi daga Sabon Gari, ya ce ya san shagon ɗanka Chiedozie.

Akwai labarin da gara ka ji daga wurina. Ka san tun da hawan jini ya kayar da ni bara, likita ya ce ya bar mini tabo a ƙwaƙwalwa. To, tabon ya yi magana. Farfaɗiya ce, Ejike. Ni da na gama ƙuruciyata ina tuƙa motar jami'a ban taɓa taka ko kaza ba, sai da furfura ta gama cin kaina sannan ta zo.

Abin da na tuna, na shiga bas a bakin kasuwar Samaru, na zauna kujerar baya inda na saba, muna musu da wata mai kwandon tumatir a kan ko ruwan bana zai kai na bara. Sai farkawa na yi a kwance gefen titi a Kwangila. Rigata sharkaf, wai wani ya kwara mini ruwa. Wani kuma ya cusa mini cokali a baki don kada in haɗiye harshena, ya tafi da rabin haƙorina. Mutane sun kewaye ni, amma daga nesa, yadda ake tsayawa kallon mai wasa da maciji. Ina jin wata murya tana cewa, "Kada ku taka yawun, ana ɗauka!" Hulata ta faɗi can gefe. Wani bawan Allah ya tausaya mini, ya turo mini ita da sanda.

Da sanda, Ejike. Na yi masa godiya, don ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba.

An ce mini direban ya wanke motarsa da toka da kananzir. Tun ranar nan, in na tsaya a bakin titi, ina jin kwandasta daga nesa yana "Sabo! Sabo!" Da ya hango hulata sai kiran ya maƙale masa a wuya, motar ta wuce da kujeru a buɗe. Yaran da na koya wa ubanninsu canza giya ne fa.

Ɗana Muhammad Auwal ya ji labari. Ya ce in haɗa kayana ya zo ya ɗauke ni zuwa Abuja, akwai ɗaki, akwai mai gadi, akwai asibiti kusa. Na ce masa ɗaki ina da shi. Ya ce, "Baba, wa zai ɗaga ka in ka sake faɗuwa?" Sai na ce masa kiran yana yankewa.

'Yarka Bibiana ce ta zo ta same ni, da farin kayanta na asibiti. Ta duba haƙorin, ta yi faɗan da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce akwai wani shiri da take roƙon manyanta su yarda da shi, a koya wa direbobi da kwandastoci abin da za su yi in irin wannan ta faru a mota, har da magani na gaggawa. Na ce mutanen da ba sa taɓa hulata ne za su ba ni magani? Ta ce in bar mata.

Ka gaishe da Madam. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Zailani

*

Anacha

Zuwa ga Malam Zailani, direban da bai taɓa taka kaza ba,

Na gaishe ka. Nonye ta gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Kunnena lafiya lau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Na karanta takardarka a bayan shago don kada Chiedozie ya ga idona. Wannan mai sandar, da ina nan, da ya ɗanɗana sandarsa.

Amma ina da tambaya, kuma kar ka kewaya ni yadda ka saba. Kullum Sabon Gari, kullum Sabon Gari. Wurin wa? Shagona na Unguwar Gabas wayoyi ake sayarwa a ciki yanzu. Abokinmu Obi ya mutu. Bencin da muke zama an yi itace da shi. Bibi ta ce ta sha ganinka a tasha kafin wannan abu, ka sauka daga wannan mota, ka sha ruwa, ka shiga waccan ka koma Samaru. Me kake saye, iska?

Maganar Auwal kuma, yaron yana da gaskiya, amma kar ka yarda. Ni na yarda aka ɗauke ni. Ina da fanka, ina da talabijin, ina da kujera mai laushi, kuma tun safe babu wanda ya yi mini musu. A Sabon Gari aka haife ni, a nan kuwa "Malam" suke ce mini. In na yi mafarki da Hausa nake yi, in na tashi ba ni da wanda zan ba labarin.

Ka bi abin da Bibi ta ce. Taurin kanta na uwarta ne, ba a cin nasara a kanta.

Ka zauna lafiya.

Abokinka,
Ejike

*

Samaru, Zariya
Tsakiyar damina

Aminina Ejike,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ruwan can bai fi ƙarfin rufinku ba. Na samu takardarka, na ga tsufa bai rage maka bakin nan ba.

Ka ce kada in kewaya. To. Ba na zuwa wurin kowa. Tun da matata Kaltume ta rasu gidan nan ya daina magana. Ɗaliban da ke haya a ɗakunan waje suna gaishe ni, amma kunnuwansu a toshe da igiyar waya, kafin in amsa sun kai ƙofa. A kujerar baya ta bas kuwa ba a gayyatar mutum cikin zance, faɗawa kawai yake yi. Wannan ta ce gwamnati, wancan ya ce taki, wani soja daga Basawa ya ce duk ba ku sani ba. Kafin mu kai Sabo na yi faɗa da mutum biyu na shirya da ɗaya. In na dawo gida sai in ji na yi yini. Abin da nake saye ke nan.

Yanzu ga labarin 'yarka. Ta samu yadda take so. An taru a rumfar tasha yini biyu, direbobi da kwandastoci, ciyaman ɗinsu a kujerar gaba yana fifita da hula. Ta zo da wani likita da wani mutum-mutumin roba mai girman mutum, kafin a zauna yaran sun raɗa masa suna Alhaji Roba. Ta ce musu ba a sa cokali, ba a kwara ruwa, ba a danne mutum. A tsayar da mota, a kwantar da shi ta gefe, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, a dubi agogo. Yawanci abin da kansa yake tsayawa. In ya kai minti biyar bai tsaya ba, sannan a ɗauko maganin. Ruwa ne a cikin sirinji marar allura, a matsa shi tsakanin kumatu da dasashi, sai a kira lambar asibiti. Kuma ba kowa ake ba wa ba, sai mai katin likita a wuya, irin wanda aka rataya mini.

A kan Alhaji Roba kowa jarumi ne. Sun juya shi, sun yi masa matashi, wani har da ce masa "sannu Alhaji, ya jikin?" Can sai ciyaman ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, mun gane. Amma shi wannan ba shi da yawu."

Ashe ta san za a zo nan, shi ya sa ta zaunar da ni a gefe tun safe. Ta zuba ruwa a kofi ta ba ni, na sha rabi. Ta karɓa ta shanye sauran a gabansu. Sannan ta ce wa zai zo ya nuna mata inda ake sa maganin a bakin Baba.

Aka yi ta kallon takalma. Sai wani direba ya tashi, Shekari sunansa, mutumin Zonkwa, dogo, ba shi da yawan magana. Ya ce ƙanwarsa ta faɗa murhu da wannan ciwo suna yara, manya na tsaye suna kallo saboda tsoron yawu. Ya sa safar hannu ya buɗe mini baki kamar mai duba haƙoran rago a kasuwa. Bai janye hannu ba sai da ya nuna mata wurin. Bayansa wasu suka biyo. Na yini baki buɗe, ban taɓa zaton haka zan yi wa jama'a amfani ba.

Kafin a tashi wata ɗaliba mai haya a Bomo, Ibukun, ta fito daga cikin 'yan kallo ta zaro nata katin daga cikin riga. Ashe ta daɗe tana tafiya a ƙasa don tsoron abin da ya same ni.

An ba waɗanda suka iya ƙaramin akwati su ajiye a mota, da wata alama a gilashi. Jiya na tsaya bakin titi, mota ta tsaya. Ba zan ɓoye maka ba, sai da na yi kamar ina gyara takalmi kafin na iya shiga.

Auwal ya sassauta, amma da sharaɗi. Ya ce in na sake faɗuwa ko sau ɗaya ne, ba zai kira ba, da mota zan gan shi. Ina shan maganina safe da yamma kamar sabon ɗalibi.

Allah ya ƙara mana lafiya.

Naka,
Zailani

*

Samaru, Zariya

Ejike,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau gajeriyar gaisuwa ce, ina cikin wani hali. Ka karanta a inda ba kowa, don za ka yi dariya, ni kuwa ba na so a ji.

Tun da aka yi horon nan aka kore ni daga kujerar baya, don girmamawa. Da na iso sai kwandasta ya ce, "A ba Baba gaba!" A sauke wanda ke gaban, a ɗora ni kusa da direba inda idonsa zai riƙa kaiwa gare ni. In na sosa kunne ƙafarsa ta tafi birki. In na yi tari a leƙo. Ina jin ana musu a baya, musu mai daɗi, in na waiwaya zan sa baki sai a yi tsit a ce, "Baba, lafiya dai?" Da ba sa taɓa ni. Yanzu ba sa ɗauke ido daga kaina. Hira dai har yanzu babu.

Mutumin da ba shi da abokin magana a mota me zai yi? Ranar Juma'a na ci ɗumamen tuwo da safe, rana ta buɗe, na shiga motar Shekari. Inji na gurnani, iska na shigowa. Kafin mu kai Kwangila barci ya ɗauke ni. Gyangyaɗi, Ejike, irin wanda kake yi a coci. Kaina ya faɗi gefe, kuma ka san bakin tsoho, ɗan yawu ya zubo.

Sai ji na yi an taka birki, an sure ni kamar buhun masara. Kafin in gane inda nake ina kwance ta gefe a bakin titi, rigar Shekari a ƙarƙashin kaina. Na buɗe baki in ce, "Shekari, me ya faru?" amma yatsunsa na cikin kumatuna, abin da ya fito ba magana ba ce. Na ɗaga hannu in ture shi, aka ce, "Ga ta nan, tana jijjiga shi!" Bai dubi agogo ba. Ya riga ya matsa mini maganin.

Na farka a asibitin su Bibiana ana kiran la'asar. Juma'a ta wuce ni.

Yanzu Shekari gwarzo ne. Fasinjoji sun tafa masa a bakin titi. Ciyaman ya tara mutane ya yi jawabi. Direbobin da suka ƙi zuwa horon farko suna roƙon a sa sunansu. Shi kansa Shekari ya zo gaishe ni, ya zauna a tabarma ya ce, "Baba, wannan karon ban tsaya kallo ba." Ya share ido da bayan hannu. Me zan ce masa?

Wani kuma ya ɗauki abin a waya, ya zaga har ya kai ga Auwal. Bai kira ba, saƙo ya aiko cewa ƙarshen wata yana tafe. Likita kuma ya ce tun da ciwon ya dawo zai ƙara mini ƙarfin magani.

To ga inda nake. In na yi shiru, Auwal ya ɗauke ni. In na ce barci nake yi, wataƙila ya bar ni, amma na kunyata mutumin da ya fara sa hannu a bakina, kuma manyan Bibiana, da dama ba su so a ba direbobi magani ba, su kwashe akwatunan. In an kwashe su, wa zai tsaya mini a titi? Wa zai tsaya wa yarinyar nan ta Bomo?

Ban faɗa wa kowa ba sai kai. Na rufe ƙofa, wayar ma na kashe.

Naka,
Zailani

*

Anacha

Malam Zailani,

Na gaishe ka. Na yi dariya har Nonye ta zo da ruwa, ta zaci nawa ciwon ne ya tashi. Ni ba na gyangyaɗi a coci, addu'a nake yi da ido rufe.

Yanzu ka saurare ni. Ka daina wannan shirmen. Shekara nawa ina sayar maka da kayan mota? Ka taɓa ganin an ƙara wa lafiyayyen inji abin da bai nema ba ya zauna lafiya? In suka ƙara maka magani a kan ƙarya, barcin da za ka riƙa yi ba na mota ba ne. Kuma wannan Shekari, in ba a faɗa masa ba, gobe wani tsohon zai kama. Kai ka farka da la'asar. Wani ba lalle ya farka ba.

Kana jin kunyar yaron, na sani. Kai kullum haka kake, a taka ka ka ce sannu. Amma ka buɗe ƙofa ka gaya wa Bibi. Ban faɗa mata ba, ba kuwa zan faɗa ba, bakinka ne. Sai dai ka sani 'yata ba wawuya ba ce.

In Auwal ya zo ka gaya masa ni na ce ya bar ka. Ka ce masa Ejike da ke ba shi alewa a shago yana yaro.

Abokinka,
Ejike

*

Sabon Gari, Zariya

Zuwa ga Baba Zailani,

Ina gaishe ka da girmamawa, Baba, ina fata ka tashi lafiya. Na zo jiya na zo yau, na ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, wayarka kuma a kashe. Ɗaliban gidan sun ce suna jin rediyonka. Shi ya sa na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa.

Baba, na san abin da ya faru. Na tambayi matar da ta zauna bayanka, ta ce minshari kake yi kafin a tsaya. Ban gaya wa likita ba tukuna, don ina so in ji daga bakinka, amma na roƙe shi kada ya canza maka magani sai mun sake zama. Kada ka sha fiye da yadda ka saba.

Dole in rubuta gaskiya a rahotona. Maganin nan yana iya rage wa mutum numfashi, ba abin wasa ba ne. Laifin ba na Shekari kaɗai ba ne. Na koya musu yadda ake taimakon mai farfaɗiya, ban koya musu yadda ake gane wanda ba ta kama ba. Tsoron da na gani a idonsu ne ya cika mini kai, ban yi tunanin ranar da tsoron zai fita ba.

Ranar Asabar za a zauna a tasha, da manyana da ciyaman. In ni na faɗa, zai zama ƙara na kai. In kai ka faɗa, wataƙila su saurara. Ba zan tilasta maka ba. Amma na ajiye maka kujera.

Na bar maka kunu a wurin ɗaliban.

'Yarka,
Bibiana

*

Samaru, Zariya
Ƙarshen damina

Aminina Ejike,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na bi maganarka, sai ka ji yadda ta ƙare.

Auwal ya iso ranar Juma'a, na ce masa kafin a ɗaure kaya ya raka ni wani taro. Muka je tasha. Rumfa cike, manyan asibiti a gaba da fuskokinsu na aiki, Shekari an ba shi wuri kusa da ciyaman, ya sa sabuwar riga.

Na fara musu daga nesa, yadda kakata ke fara labari in tana so a zauna. Na ba su labarin ɗumamen tuwo, da yadda yake bi da jijiyar tsoho. Na ba su labarin iskar gaban mota. Kafin in kai ga birki wasu sun gane, suna toshe baki. Da na ce, "Jama'a, barci nake yi," sai rumfar ta fashe. Har ɗaya daga cikin manyan asibitin ya cire tabarau yana share ido. Na jira suka gama, sannan na ce ranar da na faɗi da gaske an turo mini hula da sanda, ranar da na yi barci kuwa wani ya cire rigarsa ya sa mini a ƙarƙashin kai, kuma in za a sake ba ni zaɓi na san wadda zan ɗauka. Na ce a gyara musu hannu, kada a karɓe musu akwati.

An yi ta magana har azahar. A ƙarshe akwatunan sun zauna, amma sai kowa ya sake horo. Yanzu sai an kira sunan mutum an taɓa kafaɗarsa tukuna, kuma kwandasta ne zai riƙe agogo yana faɗin minti da ƙarfi kowa na ji. Bibiana ta riƙe hannuna.

Shekari bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce a yafe masa, ya fita. Kafin yamma yaran tasha sun raɗa masa Likitan Barci. Na aika a kira shi bai zo ba. An ce ya mai da motarsa hanyar Basawa.

Saura Auwal. Duk abin nan yana zaune a baya yana ji. Da muka shiga motarsa na ce, "To ka ji, ban faɗi ba. Sharaɗinka bai cika ba." Ya daɗe bai tada mota ba. Sannan ya ce, "Baba, da faɗuwarka nake tsoro. Yanzu har barcinka tsoro nake." Na kawo masa hujja iri-iri. Na ce masa ma Ejike mai alewa ya ce ya bar ni. Ya yi murmushi, ya ce ya gaishe ka. Sai ya ce duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara a ofis gabansa faɗuwa yake yi, ya kai wata uku bai yi barcin kirki ba. Na dube shi, na ga furfura a gemunsa da ban san da ita ba.

Na yi musu da mutane da yawa a rayuwata, Ejike. Wannan ban iya ba.

Jibi za mu tafi. Na bar wa ɗaliban kajina.

Naka,
Zailani

*

Abuja

Ejike,

Gaisuwa mai yawa, kai da Madam. Na iso lafiya. Ɗakin yana da kyau. Unguwar babu mai tafiya a ƙasa, kowa daga gida sai mota, gilashi a rufe. Jikoki suna gaishe ni da Turanci kafin su tafi makaranta.

Auwal yana da direba, Lanre, dattijo ne shi ma, ya yi zaman Kano yana jin Hausa. In ya kai maigidansa ofis sai ya dawo ya zauna a inuwar gareji. Shekaranjiya ya ga katin wuyana, ya tambaye ni me zai yi in abin ya zo muna tare. Na ce ya jawo kujera.

Abin da 'yarka ta koyar a yini biyu, na gaya masa karatu ne mai tsawo, ba a yi masa gaggawa. Jiya mun yi maganar cokali kaɗai, har ya yi mini musu. Yau mun tsaya a matashin kai. Ina jin in na lallaɓa za mu kai azumi kafin mu zo kan agogo.

Ka aiko amsarka ta ofishin Auwal. Ka cika takardar gaba da baya.

Naka har kullum,
Zailani